Ƙyalle, maɓalli da almakashi: rajistar aikin samfurin garkuwar jiki

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Shekara uku ke nan ina koyar da darasin garkuwar jiki ga 'yan aji biyu na sashen gwaje-gwajen lafiya, kuma kullum a wuri guda suke kuɓuce mini. Suna haddace cewa antibodi, furotin da jiki ke fitarwa don cafke ƙwayar cuta, yana kama da harafin Y, manyan sarƙoƙi biyu da ƙanana biyu, su rubuta a jarrabawa su ci. Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin ce ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin a jikin mutum wajen 20,000 ne. To ina jiki yake samo antibodin cutar da bai taɓa haɗuwa da ita ba, har da wadda ba ta ma ɓullo ba tukuna?" Na ba ta amsar littafi, ta rubuta. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, na ga ba ta gamsu ba.

Wannan zangon zan haɗa abin da za su taɓa da hannu, su yanka, su haɗa da kansu. Na ware naira 15,000 daga aljihuna. Ina so a gama kafin azumi.

Talata, 9 ga Janairu

Daren jiya da na yau karatu kawai na yi, don kada in gina kuskure da ƙyalle.

Tambayar yarinyar nan ita ce ta hana masana barci shekaru da dama. A 1965 Dreyer da Bennett suka kawo shawarar cewa sarƙa ɗaya ta antibodi daga ƙwayoyin gado biyu take fitowa, waɗanda ake haɗewa daga baya. Mutane da yawa ba su karɓa ba, saboda abin da aka sani shi ne DNA ɗin kowace ƙwayar jiki iri ɗaya ne tun daga ciki har mutuwa. Sai a 1976, a cibiyar binciken garkuwar jiki ta Basel a Suwizalan, Susumu Tonegawa ɗan Japan da abokin aikinsa Hozumi suka kwatanta DNA ɗin tayin ɓera da na ƙwayoyin da ke fitar da antibodi. A tayin, guntayen biyu suna nesa da juna. A ƙwayar da ta fara aiki, sun matso. Ashe ƙwayar B, wato ƙwayar da ke yin antibodi, yanka DNA ɗinta take yi ta sake ɗinkewa. Tonegawa ya karɓi kyautar Nobel a 1987, shi kaɗai.

Ga lissafin da zan gina a kai. DNA ɗin da ke yin babbar sarƙa yana kan kromosom na 14, guntu-guntu a rukuni uku: guntayen V masu aiki wajen 40, D guda 23, J guda 6. Kowace ƙwayar B da ke tasowa a cikin ɓargo tana ɗaukar ɗaya daga kowane rukuni: 40 sau 23 sau 6, wato 5,520. Ƙaramar sarƙa ba ta da D, kuma iri biyu ce, kafa (kappa) a kromosom na 2 da lamda a na 22, su biyun su ba da haɗi wajen 320. A ninka, a samu kusan miliyan 1.8. Daga guntayen da ba su kai 200 ba.

Asabar, 13 ga Janairu

Na shiga Kantin Kwari, daga nan na wuce shagon ƙanena, tela ne. Farin yadi biyu 3,000, maɓallan dannawa dozin biyu 1,200, kwali shida 1,800, alƙalamin rubutun allo 1,200, kuɗin mota 800. Jimla 8,000.

Ƙyallayen kuwa kyauta ne, buhu guda na ragowar atamfa da shadda da ya tara zai zubar. Kowane zane daban zai tsaya a matsayin guntu ɗaya. Da na ce masa V arba'in nake so, ya auna ya ce, "Yaya, wannan sai ya zagaye ajin naku." Gaskiya ya faɗa. Na rage zuwa V 10, D 5, J 3, da babban ƙyalle ɗaya a ƙarshe wanda zai zama sashen da ba ya canzawa, wato ƙafar Y ɗin. Haɗi 150 ke nan. Zan rubuta ainihin adadin a ƙasan kowane rukuni.

Lahadi, 14 ga Janairu

Wanke ƙyallaye da guga. Biyu sun zuba, na fitar da su.

Asabar, 20 ga Janairu

Aikin mako guda ya koma baya. Na je karɓa, na tarar kowane ƙyalle an ɗinka masa namijin maɓalli a dama, macen a hagu, yadda ake yi wa kowace riga. Ban yi masa bayanin dalili ba, na ce kawai su riƙa maƙalewa da juna. Yanzu komai yana kama komai: V ta kama J kai tsaye ta tsallake D, V ta kama 'yar'uwarta V. A cikin jiki hakan ba ya faruwa a babbar sarƙa, kuma abin da ya hana shi yana cikin abubuwan da na fi son ɗalibai su gane.

Kusa da kowane guntu akwai alama da ke cewa "yanka nan". Haruffan DNA bakwai ne, CACAGTG, sai tazara, sai haruffa tara. Tazarar ko dai haruffa 12 ce ko 23, kuma almakashin da ke yanka DNA ɗin ba ya haɗa guntu biyu sai ɗaya mai 12 ne ɗaya mai 23. A babbar sarƙa V tana da 23, J tana da 23, D kuwa tana da 12 ta gaba da baya. Shi ya sa dole a bi ta D. D da J ake fara haɗewa, sannan V ta zo.

Na zauna kan bencin shagon na zana masa a bayan takardar awo. Bai ɗauki minti biyu ba ya ce, "Ai kin ce V da J duk maza ne, D mace ta kowane gefe." Shi ke nan. Mun farke duka mun sake, ni ina farkewa shi yana ɗinki, har bayan la'asar. Wasu maɓallan sun lanƙwashe wajen cirewa, ƙarin maɓalli da zare 1,000. Jimla 9,000.

Abu ɗaya zan faɗa wa ɗalibai da baki, don ƙyalle ba zai nuna ba: a jiki alamomin suna tafiya tare da abin da aka yanke aka yar, ba sa zama a mahaɗar kamar yadda maɓalli ke zama.

Laraba, 24 ga Janairu

Yankan katin kwali, saiti shida, kowace ƙungiya ɗaya. Babu wuta, da fitilar waya na rubuta lambobin. Hunturu ya sa kwalin yana karyewa a gefe.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Gwajin farko a aji, ɗalibai 36. Na rataye dogon yadin a allo na nuna haɗin D da J, na naɗe abin da ke tsakaninsu na ɓoye a baya, sannan V. Suka fahimta nan take, har suka riƙa gyara wa juna maganar 12 da 23. Sai na ce kowa ya zama ƙwayar B ɗaya, ya rufe ido ya zari kati ɗaya daga kowane rukuni, ya rubuta nasa a allo.

Da aka gama rubutawa, sai ga mutum biyu-biyu har wuri huɗu sun fito da haɗi iri ɗaya sak. Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Malama, mu 36 kawai har an fara maimaici, ina ga jiki mai ƙwayoyi biliyoyi?" Na ce ai mun rage adadin ne. Ya ce ko da miliyan biyu ne, biliyan ta fi miliyan.

Yaron yana da gaskiya, kuma ya taɓo ainihin raunin samfurin. Na gina abu mai tsabta, guntu ya kama guntu cif, ba ragi ba ƙari. Ainihin abin ba haka yake ba. Zaɓen V, D da J shi ne ƙaramin kaso na bambancin. Babban kason yana wurin ɗinkin, inda jiki yake barin ɗinkin ya fita ba daidai ba, kuma kowace ƙwaya da irin nata. Littafin da suke amfani da shi layi biyu ya ba wannan, ni ma na bi shi na bar shi a gefe. Na ce musu mako mai zuwa za mu koma.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na rubuta wa kaina matakan da kalmomin shago, don ta haka suka fi zama mini.

Almakashin furotin biyu ne, RAG1 da RAG2. Schatz, Oettinger da Baltimore ne suka gano su a 1989 da 1990, kuma ƙwayoyin B masu tasowa, da takwarorinsu na garkuwar jiki ƙwayoyin T, su ne ke kunna su. Idan sun yanka, bakin guntun ba ya zama a buɗe, igiyoyin DNA biyun suna haɗewa su rufe kansu kamar kalmasa. Sai wani enzayim, wato furotin mai yin aiki na musamman, mai suna Artemis ya zo ya farke kalmasar, amma sau da yawa ba a tsakiya ba, don haka gefe ɗaya ya fi tsawo, a cike ɗayan, a samu ƙarin haruffa kaɗan. Ana kuma gutsure wasu haruffan daga bakin. Daga nan sai wani enzayim mai suna TdT, wanda shi ya fi ba ni mamaki a duk labarin: yana jera sababbin haruffa a bakin ba tare da ya duba wani kwafi ba, wani lokaci biyu ko uku, wani lokaci goma sha wani abu. Haruffan nan babu su a DNA ɗin uwa, babu a na uba. A ƙarshe masu gyaran karayar DNA na yau da kullum su liƙe bakin biyu.

Wannan mahaɗar kuma ita ce ke faɗowa a tsakiyar wurin da antibodi yake kama baƙon abu, sashen da ake kira CDR3. Da an sa ta cikin lissafi, yawan nau'in da zai iya fitowa ya zarce yawan ƙwayoyin B da ke jikin mutum nesa ba kusa ba.

Na sayo duwatsun ado kala huɗu a Kurmi, ja A, kore T, shuɗi G, fari C, 2,400. Ƙwallon ludo shida 1,200, ƙananan leda 500. Jimla 13,100. Doka: a kowace mahaɗa a jefa sau biyu. Jifar farko adadin haruffan da za a soke a bakin kati, ta biyu adadin duwatsun da za a zaro daga leda ido a rufe. Shida na nufin sifili.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Ana karanta DNA uku-uku. Idan bambancin abin da aka ƙara da wanda aka rage bai tashi a sifili, uku, shida, tara ba, duk abin da ke gaba ya rikice. Na daɗe ina neman yadda zan nuna wannan da Hausa, yau a cikin adaidaita ya zo mini.

YAU ALI ZAI SAI MAI

A cusa harafi ɗaya bayan kalmar farko: YAU BAL IZA ISA IMA I. A cusa uku: YAU DAI ALI ZAI SAI MAI. Magana ta ɗan sauya amma tana da ma'ana. Biyu cikin uku na ɗinkin da jiki ke yi irin na "BAL IZA" ne.

Kwafin takardun bayani 1,800. Jimla 14,900.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Gwaji na biyu. Ajin ya cika da ƙarar ludo har malamin ajin kusa ya leƙo. Wannan karon babu mutum biyu da suka yi daidai, har waɗanda suka sake zaro V, D da J iri ɗaya. Na kira yaron makon jiya ya duba allon da kansa.

Sai na ce kowa ya lissafa ko nasa ya tashi a uku. Mutum 11 suka tsira. Sauran 25 na ba su dama ta biyu, don kowace ƙwaya tana da kromosom na 14 guda biyu, na uwa da na uba, in ɗaya ya lalace a gwada ɗayan. Mutum 8 suka ƙaru. Waɗanda suka dace tun farko na hana su taɓa kati na biyu, domin da zarar ƙwaya ta samu sarƙa mai aiki sai ta dakatar da yankan ɗayan, ta yadda kowace ƙwayar B nau'in antibodi ɗaya tak take ɗauke da shi. Mutum 17 na ce su koma bayan aji, ƙwayoyinsu sun mutu a ɓargo.

Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci. Wata ta ce, "Malama, wannan ba asara ba ce?" Na ce asara ce mai yawa, kuma jiki yana biyan ta kullum, saboda bai san cutar da za ta zo gobe ba. Yana tara kaya ne tun kafin a tambaya, in cuta ta shigo sai wadda ta dace da ita ta hayayyafa. Wannan shi ne ra'ayin da Burnet ya kawo a 1957, tun ba a san yadda ake samar da kayan ba.

Matsala: duwatsun suna gangarewa daga tebur, mun rasa wajen rabin fararen. Nan gaba a faranti za a riƙa jerawa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Wata abokiyar aikina ta duba takardun bayanin ta nuna mini kuskure a shafi na uku. Na rubuta cewa ƙwayoyin B da T duka suna ci gaba da gyara makamarsu bayan sun haɗu da cuta. Ba haka ba ne, B kaɗai ke yi. Ƙwayar T abin da ta fito da shi daga taimus, gaɓar da ƙwayoyin T ke tasowa a ciki, da shi za ta rayu. Na sake buga shafin, 600. Jimla 15,500, na wuce abin da na ware. Ranar Litinin zan karɓi tsofaffin daga hannunsu, ba na son ya zauna a littafin kowa.

Na yi amfani da damar na faɗaɗa sashen T. Riseftar ƙwayar T, wato makamar da take gane baƙon abu da ita, sarƙa biyu ce, alfa da beta, kuma almakashi ɗaya ne ke aikin, da dokar 12 da 23 ɗin nan. Beta tana kromosom na 7, tana da V, D da J, amma D biyu ne kawai, J 13. Alfa tana kromosom na 14, ba ta da D, sai dai J ɗinta sun kai wajen 60. Mark Davis da Tak Mak, kowa da ɗakin bincikensa, su suka fara gano ƙwayar gadon riseftar a 1984. Riseftar T ba a sakin ta cikin jini kamar antibodi, kuma ba ta ganin cuta gaba ɗayanta, sai ɗan guntun furotin da wata ƙwaya ta ɗora kan MHC, furotin da ke saman ƙwaya kamar faranti, ta miƙo mata.

Taimus yana bayan ƙashin ƙirji, babba ne a yara, yana ƙanƙancewa bayan balaga. A can ake tantancewa: wadda ba ta iya gane MHC ba ta mutu, wadda ta kama kayan jikin mai ita da ƙarfi ita ma a kashe ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa.

Jaririn da aka haifa RAG ɗinsa ba ya aiki, ba shi da B ba shi da T, ƙaramar cuta sai ta kwantar da shi. Zoben DNA ɗin da ake yankewa a yar a taimus, shi ake ƙirgawa a ɗigon jinin jariri don gano irin wannan, kuma tun 2018 duk jihohin Amurka suna yin gwajin. Wato ƙyallen da nake naɗewa in ɓoye a bayan allo ma yana da amfaninsa. Zan daina ɓoye shi.

Laraba, 14 ga Fabrairu

An karɓo tsofaffin shafuka 33, saura uku. Ba a yi komai a samfurin ba, makon gwaji ne.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Sashen da ya rage shi ne abin da ke faruwa bayan cuta ta shigo, kuma har yanzu ban samu yadda zan nuna shi da hannu ba.

Kowa a ajin ya taɓa yin kaluluwa a hammata ko matsematsi saboda miki. A cikin kaluluwar nan ƙwayoyin B da suka kama baƙon suke taruwa suna rabuwa da sauri, wani enzayim mai suna AID yana sauya haruffan sashen V ɗinsu, kusan harafi ɗaya cikin dubu a kowace rabuwa. Ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ne ya gano shi a 1999. Yawancin sauyin ba ya amfani ko ma ya ɓata, amma wadda kamunta ya ƙara ƙarfi ita ke samun taimakon ƙwayoyin T ta rayu, saura su mutu. Zagaye bayan zagaye antibodin yana ƙara kyau. Yana daga cikin dalilan da suka sa muke nace wa iyaye su dawo da yaro allurar rigakafi ta biyu da ta uku. AID ɗin ne kuma ke buɗe hanyar sauya ƙafar Y daga nau'in antibodin da ake kira IgM zuwa IgG mai ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, ko IgA da ke cikin nono, ko IgE. Wannan kam ƙanena zai ɗinka mini ƙafafu huɗu masu cirewa, ba wuya.

Na gwada sauyin haruffan da duwatsu a gida, zagaye uku, ya ci mini minti 40 ni kaɗai. Darasin awa ɗaya ne. Ba zai yiwu a haka ba.

Akwai abin da na yanke shawarar ba zan tsallake ba ko lokaci ya ƙure. Ƙwayar da ke karya DNA ɗinta da kanta, wata rana ɗinkin zai kama inda bai dace ba. Sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, daga nan take: ƙwayar gado mai suna MYC ta baro kromosom na 8 ta manne a wurin babbar sarƙa a na 14, inda ake aiki ba dare ba rana, sai ƙwayar ta kasa daina rabuwa. Ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tare da ƙwayar cutar EBV. Ana ganin ta a asibitocinmu. Na taɓa ganin yaro mai ita lokacin da nake sanin makamar aiki, ɗan shekara bakwai ko takwas, babarsa tana rufe masa fuska da gefen mayafinta. Waɗannan ɗaliban su za su duba irin samfurinsa a madubin gwaji, ina so su san daga ina abin ya taso.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Maɓalli yana cirewa a mayar, don haka wasu sun ɗauka ƙwaya za ta iya warware haɗinta ta koma yadda take. Na ga hakan a amsoshin gwajin mutum biyar. Yau na zo da dogon ƙyalle na 1,000 wanda na rubuta guntayen a kai, na ba ɗalibar da ta yi maganar asara almakashin shago na gaske. Ta yanke tsakanin D da J, ta ƙulla abin da ya fita ya zama zobe, muka rataye shi a ƙusa kusa da allo. Na ce wani ya zo ya mayar da shi yadda yake. Babu wanda ya tashi.

Jimlar kuɗi 16,500. Shafuka ukun nan an kawo biyu.

Abin da ya rage kafin azumi: ƙafafun Y huɗu, ƙanena ya ce Talata. Ƙaramin yadi na ƙaramar sarƙa, V mace J namiji don nau'in kafa, wannan karon zan kai masa zane a rubuce. Faranti shida na roba. Gasar cikin kaluluwa zan gwada da kati maimakon duwatsu, zagaye biyu kacal, ƙungiya shida su fafata kan makulli ɗaya da zan zana a allo. Ranar Asabar zan auna lokacinsa da yaran gidanmu kafin in kai aji.